RUMMAN: ABIN DA KE CIKINSA DA ABIN DA BA YA CIKINSA

Sa'ad da muka fita gwajin koyarwa, an ba ni aji biyar in yi musu darasin kiwon lafiya a kan 'ya'yan itatuwa. Na kawo gwaiba da lemo da gwanda na jera bisa tebur, ina ta bayani. Da na kusa gamawa sai wani yaro a bencin baya ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, rumman fa? An ce da innarmu ta saya wa ƙanwata, wai jininta ya ragu, shi zai mayar mata da shi. Gaskiya ne?"

Na yi shiru. Ni ma haka na sha ji, amma ban taɓa bincikawa ba. Na ce masa ya gaya wa innarsu su kai yarinyar asibiti tukuna, amsa kuwa ya ba ni zuwa gobe. Abin da na samo shi ne na tattara a nan, domin 'yan'uwana masu shirin zama malamai. Ku sani maganar malami ba ta tsayawa cikin aji. Abin da ya faɗa da safe, kafin la'asar ya kai zaure, ya kai ɗakin girki. In gaskiya ya faɗa, gida ya amfana. In kuwa jita-jita ya maimaita, ya yiwu a kashe kuɗin magani wajen sayen abin marmari.

ASALINSA

Sunan nan rumman daga Larabci muka samo shi. Masana itatuwa kuwa suna kiransa Punica granatum. Asalinsa daga ƙasar Farisa ne, watau Iran, har zuwa arewacin Indiya, daga can ya bazu zuwa ƙasashen da ke gefen Bahar Rum. Yana cikin itatuwan da ɗan Adam ya fara dasawa tun zamanin da. Sa'ad da Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar cikin 1922, an sami wani ɗan tulu na azurfa mai siffar rumman cikin kayansa. An ambaci sunansa sau uku cikin Alkur'ani, an kuma ambace shi a wurare da dama cikin Littafi Mai Tsarki. A ƙasar Sifen akwai birnin Giranada, wanda sunansa ya yi daidai da sunan rumman a harshensu, shi ne kuwa tambarin birnin. Mutanen Sifen ne suka kai shi nahiyar Amurka, ya isa Kalifoniya cikin 1769. Manyan masu nomansa su ne Indiya da Iran da Sin da Turkiyya, rumman na Kandahar ta Afganistan kuma ya yi suna ƙwarai.

Itace ne mai son rana da busasshiyar iska, yana jure wa fari. Shi ya sa a ƙasarmu a kan gan shi a lambuna da tsakar gidaje a Arewa, amma inda ruwan sama ya yi yawa, iska kuma ta yi laima, ba ya yin 'ya'ya sosai. Sabo da haka da yawa cikinmu ba su taɓa ganinsa a bisa itace ba, sai dai a kasuwa, can ma da tsada.

KAMANNINSA

Itacen bai cika girma ba, ya fi kama da babban kurmi mai rassa da yawa, da 'yan ƙayoyi, da fure ja wur. Ɗansa ya kai girman babban lemo. Ɓawonsa mai tauri ne kamar fata, ja ko rawaya-rawaya, a kansa da wani ɗan baki mai tsaga-tsaga kamar kambi. In aka fasa shi, sai a ga ɗakuna-ɗakuna da wata farar tantani mai ɗaci ta raba, cike da ƙwayoyi. Ɗa guda ya kan ɗauki ƙwaya daga 200 har fiye da 1,000. Kowace ƙwaya jaka ce ta ruwa mai zaƙi da ɗan tsami, a tsakiyarta da ɗan iri fari. Abin da a ke ci bai wuce rabin nauyin ɗan ba, saura ɓawo ne. Mai saye ya riƙa tunawa da wannan.

ABIN DA KE CIKI

Masu awon abinci na Ma'aikatar Gona ta Amurka sun auna ƙwayoyin rumman. Cikin giram 100, watau wajen rabin ƙaramin kofi, ga abin da suka samu:

Ruwa, giram 78.
Sukari, kusan giram 14.
Dusa, giram 4.
Abinci mai gina jiki, giram 1.7.
Mai, giram 1.2.
Ƙarfin da ya ke ba jiki, kalori 83.
Bitamin C, miligiram 10.
Fotasiyam, miligiram 236.
Ƙarfe, miligiram 0.3.

Miligiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na giram. Ban da waɗannan akwai bitamin K da folat. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Da fari, dusa. Abin da mu ke nufi da dusa a nan shi ne sashen abinci wanda ba ya narkewa a ciki, kamar dusar hatsi. Ko da ya ke ba ya shiga jini, yana da babban aiki: yana tausasa bayan gida, yana hana taurin ciki, yana kuma sa sukari ya shiga jini a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar aƙalla giram 25 a yini. Rumman yana da rabo mai kyau a nan, ya fi lemo da ayaba. Amma dusar tana cikin farin irin nan ne. Wanda ya tsotse ruwa ya tofar da iri ya zubar da ita.

Na biyu, bitamin C. Shi ke ƙarfafa dasashi da fata, ya sa miki ya warke da wuri. Wanda ya rasa shi da daɗewa, dasashinsa ya kan kumbura ya riƙa zub da jini. To, rumman yana da shi, amma ba da yawa ba. Inda rumman ke da miligiram 10, lemon zaƙi yana da 53, gwaiba kuwa ta wuce 200. Watau gwaibar da yara ke jifa a bayan makaranta ta ninka rumman fiye da sau ashirin. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na uku, fotasiyam. Wani irin gishiri ne, shi ke da yawa cikin tokar itace. Jiki yana bukatarsa domin bugun zuciya da aikin tsoka, yana kuma rage ɓarnar da yawan gishirin miya ke yi wa jijiyoyin jini. Rumman yana da shi gwargwado, ko da ya ke ayaba ta fi shi, tana da miligiram 358.

Na huɗu, bitamin K da folat. Bitamin K shi ke taimakon jini ya daskare in mutum ya yanke. Folat kuwa jiki na bukatarsa wajen yin sababbin ƙwayoyin jini, mai ciki kuma tana bukatarsa ƙwarai tun farkon ciki, domin ƙashin baya da ƙwaƙwalwar ɗan tayi su ginu daidai. Amma abin da ke cikin rumman bai isa ya maye gurbin ƙwayar da a ke ba masu ciki a asibiti ba.

Sa'an nan akwai abin da ya fi jawo hankalin masana, watau waɗansu sinadarai masu ɗaure baki, waɗanda a ke kira tanin, da kuma launin ja. Babba cikin tanin ɗin rumman sunansa funikalajin. In ya shiga hanji, ƙananan halittun da ke zaune a can su kan juya shi zuwa wani abu dabam wanda jiki ke iya sha. Ba kowa ne hanjinsa ke yin wannan aiki daidai da na wani ba, shi ya sa mutum biyu za su sha rumman iri ɗaya, amfanin da za su samu ya bambanta.

KO YANA ƘARA JINI?

Yanzu mu komo ga tambayar yaron nan. Mutane sun ga ruwan rumman ja ne, jini ma ja ne, sai suka ce lalle wannan ya kan koma wancan. Amma kama da wane ba ta wane. Jan rumman launi ne na tsiro, dangin launin da ke cikin zoɓo. Jan jini kuwa daga wani abu ne mai ɗauke da ƙarfe, wanda ke cikin ƙwayoyin jini, shi ke kai iska ko ina cikin jiki. In ba ƙarfe, jiki ba ya iya yinsa.

Mu yi lissafi. Bisa ga awon likitocin Amurka, mace da ke cikin shekarun haihuwa tana bukatar ƙarfe miligiram 18 kowace rana. Rumman giram 100 yana da 0.3 kaɗai. Ashe in daga rumman za ta same shi duka, sai ta ci ƙwayoyinsa kilo 6 a yini! Hantar saniya giram 100 tana da kusan miligiram 5, busasshen wake kuwa wajen 8. Sabo da haka mai ƙarancin jini, abincinsa shi ne hanta da nama da kifi da wake da ganyaye irin su zogale da alayyafo.

Duk da haka akwai 'yar gaskiya cikin zancen mutane. Bitamin C yana taimakon hanji ya sha ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Kowane ɗan itace mai tsami da aka ci tare da abinci yana wannan aiki, lemo da gwaiba ma sun fi rumman iyawa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a san dalilin raguwar jinin. A wurin yara sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko tsutsar ciki mai shan jini, ko ciwon sikila. Ba ɗan itacen da zai kashe waɗannan. In ka ga tafin hannun yaro da cikin fatar idonsa sun yi fari, yana saurin gajiya, yana haki, kada a tsaya neman rumman. A kai shi a auna jininsa.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GWADA

Yadda likitoci ke gane amfanin abu shi ne su raba mutane kashi biyu, su ba kashi ɗaya abin na gaskiya, ɗaya kashin su ba su wani mai kama da shi, sa'an nan su auna bambanci. Abin da aka gani cikin kwalba ko a jikin ɓera bai isa hujja a kan mutum ba.

A kan hawan jini an sami labari mai daɗi kaɗan. Cikin 2017 waɗansu masana suka haɗa sakamakon gwaji takwas irin wannan, suka ga masu shan ruwan rumman awon jininsu na sama ya sauka da wajen maki 5, na ƙasa da wajen maki 2. Wannan taimako ne, amma ƙarami ne, gwaje-gwajen kuma na mutane kaɗan ne. Mutumin da awonsa ya kai 170, saukar maki 5 ba ta fid da shi daga haɗari ba. Ya ci rumman in ya samu, amma kada ya ajiye ƙwayar da likita ya ba shi ko da na kwana ɗaya.

A kan ciwon daji kuwa abin bai tsaya ba. Cikin 2006 wani ƙaramin gwaji a Amurka ya sa an yi zaton ruwan rumman yana rage saurin dajin da ke kama ƙululun ƙarƙashin mafitsarar maza. Da aka sake gwaji mafi girma, mai kashi biyu, wanda aka buga sakamakonsa cikin 2015, sai aka ga babu wani bambanci na kirki tsakanin waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba.

Har shari'a an yi a kan wannan. Cikin 2010 hukumar da ke lura da ciniki a Amurka ta tuhumi kamfanin POM Wonderful, mai sayar da ruwan rumman, sabo da tallan da ya nuna wai ruwan yana maganin ciwon zuciya da dajin maza da raunin mazakuta. Cikin 2013 hukumar ta yanke cewa tallan yaudara ne, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan yawancin hukuncin cikin 2015, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar cikin 2016. Darasin da ke ciki shi ne, mai talla ba likita ba ne.

ƁAWO DA SAIWA

Ɓawon rumman cike ya ke da tanin, irin abin da ke cikin bagaruwa wadda majema ke jeme fata da ita. A Maroko da waɗansu ƙasashe a kan jeme fata da shi, a kan kuma rina zare rawaya. Sabo da yana ɗaure ciki, mutanen da su kan dafa shi su sha domin gudawa. Amma abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Maganin wannan kuwa ruwan gishiri da sukari ne, da ƙwayar zinc, da ci gaba da ba shi nono da abinci.

Saiwar itacen da ɓawon jikinsa kuwa, a yi nesa da su. Tun zamanin da a ke korar tsila da su. Cikin 1878 wani masanin magunguna na Faransa, Charles Tanret, ya ware sinadarin da ke yin wannan aiki. Dafi ne. In ya yi yawa ya kan kawo amai da jiri da duhun gani, har ya kai ga halaka. Yanzu da akwai ƙwayoyin tsila a asibiti masu aiki ba tare da wannan haɗari ba, babu dalilin da zai sa a dafa wa yaro saiwa.

WAƊANDA ZA SU YI HANKALI

Mai ciwon sukari ya ci ƙwayoyin kaɗan, ya guji shan ruwan da aka matse. Kofi guda na ruwan rumman yana da sukari wajen giram 30, watau cokalin shayi bakwai ko takwas, ga shi an raba shi da dusarsa. Na kwalba kuwa ko bitamin C ɗin ma ya kan salwanta wajen dafawa da ajiya. Mai ciwon ƙoda wanda aka hana shi yawan fotasiyam, da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, su tambayi likita kafin su mai da shi abin sha na kullum. Ƙananan yara kuma a lura da su, kada ƙwaya ta shaƙe su.

YADDA ZA A ZAƁA, A CI, A DASA

Rumman ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, sabo da haka sai a zaɓi wanda ya nuna a bisa. A ɗauki mai nauyi a hannu, wanda ɓawonsa bai ruɓe ba. A wanke shi, a yanke kambin, a tsaga ɓawon kashi huɗu ba tare da wuƙa ta shiga ciki ba, sa'an nan a ɓare shi cikin kwanon ruwa mai tsabta. Ƙwayoyin za su nutse, farar tantanin ta taso sama a kwashe. A tauna har da iri. A kula da riga, domin ruwansa in ya taɓa farin yadi da wuya ya fita.

In makarantarka tana wurin da rani ke da tsawo, dasa shi ba wuya. A yanko reshe mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya, a kafa shi cikin ƙasa wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, a wurin da rana ke samu sosai. Cikin shekara biyu zuwa uku ya kan fara 'ya'ya. Daga fure zuwa nuna wata biyar ne zuwa bakwai. A riƙa ba shi ruwa daidai wa daida, domin in ƙasa ta bushe ƙwarai sa'an nan aka kwarara masa ruwa, 'ya'yan su kan tsage. Inda ba ya yi kuwa, a dasa gwaiba da gwanda da lemo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ya ci 'ya'yan itace da ganye aƙalla giram 400 a yini, ba ta ce lalle sai wane iri ba.

YADDA ZA A KOYAR DA SHI

Gani ya kori ji. Rumman guda ya isa aji duka. Ka bar yara su taɓa, su kimanta yawan ƙwayoyin, sa'an nan su ƙirga su gani wa ya yi kusa.

Ka matse ruwan kaɗan cikin kofi biyu. Ka ɗiga lemon tsami a ɗaya, jan zai ƙara haske. Ka zuba ruwan kanwa a ɗayan, sai launin ya juye ya yi duhu. Ka sake yin haka da zoɓo, za su ga abu ɗaya ne ya faru. Daga nan sai su gane da kansu jan rumman launin tsiro ne, ba jini ba. In ba rumman a garinku, zoɓo kaɗai ya isa wannan gwaji.

Ka jiƙa ɓawon cikin ruwan zafi, ka jefa ƙusa mai tsatsa, ka ajiye. Bayan kwana ɗaya ko biyu ruwan zai yi baƙi kamar tawada, domin tanin ya haɗu da ƙarfe.

Yaron nan kuwa, da gari ya waye na kira shi na gaya masa: rumman abinci ne mai kyau, in an samu a ci a gode Allah, amma ƙanwarsa awon jini ta ke bukata, da wake da hanta da ganye. Kuɗin rumman a ajiye shi na mota zuwa asibiti.

TAMBAYOYI

1. Daga ina rumman ya samo asali, kuma wane irin wuri ya fi so?
2. Me ya sa cin ƙwayoyin ya fi shan ruwan da aka matse?
3. In gwaiba giram 100 tana da bitamin C miligiram 200, giram nawa na rumman za a ci a sami daidai wannan?
4. Kawo dalilai uku da ke rage jinin yaro, da abinci uku masu ƙarfe.
5. Wani dattijo mai hawan jini ya ce maka zai bar ƙwayarsa ya koma shan rumman. Rubuta abin da za ka faɗa masa, cikin ladabi.